Ƙwaron Kunnen Kare: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Maganinsa

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In ana neman abin da zai gaskata wannan karin magana a sha'anin dabbobi, ba sai an yi nisa ba, a leƙa cikin kunnen kare. A can ne wani ɗan mitsitsin ƙwaro, wanda girmansa bai wuce na ƙwayar gishiri ba, yakan yi kaka-gida, ya hana ƙaton kare barci, ya sa shi ya yi ta yagar kunnensa da farce har jini ya fito.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa da kunnen kare? Amsa ita ce, a ƙasarmu kare ma'aikaci ne. Maharbi na shiga daji da shi, makiyayi na barin garke a hannunsa da dare, manomi na ajiye shi don birai da ɓarayi, mai gida kuma na kwana da daɗi saboda ya san akwai mai tsaro a ƙofa. Duk wannan aiki da hanci da kunne kare ke yin sa. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, amma na kare yana kama wanda ya ninka haka sau biyu, har da ɗoriya. Ke nan karen da kunnensa ya lalace ya zama kamar manomin da fartanyarsa ta karye ana tsakiyar damina. Bayan haka kuma, duk wanda ya ajiye dabba, hakkin cinta da shanta da lafiyarta yana wuyansa.

Wannan ciwo ba shi da wuyar magani. Abin da ke mai da shi babba abu uku ne: yin magani ba a tabbatar da cutar ba, zuba wa kunne abin da ya fi ƙwaron illa, da kuma daina magani tun aiki bai ƙare ba. Don haka bari mu bi shi daki-daki.

Wane irin ƙwaro ne?

Masana kimiyya suna kiran sa Otodectes cynotis. Sunan daga harshen Girka aka haɗa shi, ma'anarsa kuwa mai cizon kunnen kare. Wani likitan dabbobi Bajamushe mai suna Hering ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1838.

Ko da yake muna ce masa ƙwaro, ba dangin ƙuda ko sauro ba ne. Waɗannan ƙafa 6 gare su. Shi kuwa idan ya girma ƙafarsa 8, wato danginsa su ne kaska da gizo-gizo da kunama, da kuma ɗan ƙwaron nan da ke kawo ƙazuwa. Ba shi da fiffike, ba ya tsalle kamar ƙuma, tafiya kawai yake yi. Tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Wanda ya ɗauki rula ya dubi tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu, ya raba ta biyu, to ya ga iyakar girman babbansu. Launinsa fari ne, shi ya sa mai kaifin ido zai iya hango shi kamar ɗigon gari yana motsi, idan an ɗora shi a kan baƙin abu.

Bambancinsa da ƙwaron ƙazuwa shi ne, na ƙazuwa rami yake haƙawa a cikin fata ya shige, shi kuwa wannan a saman fatar ramin kunne yake zaune. Abincinsa dauɗar kunne da ɓawon fata da ɗan ruwan da ke tsattsafowa daga jiki. Yawonsa da cinsa da miyaunsa su ke tayar wa fata hankali, sai ta kumbura, ta yi ja, ta shiga fitar da dauɗa fiye da kima. Wasu karnukan jikinsu ba ya shiri da miyaun ƙwaron ko kaɗan, ta yadda ƙwari 'yan ƙalilan sun isa su haukata su da ƙaiƙayi.

Kunnen kare kuwa gida ne da ya dace da shi. Ramin kunnen mutum kusan a miƙe yake, amma na kare sai ya gangara ƙasa tukuna, sa'an nan ya karya kwana ya nufi cikin kai, kamar harafin L. A can cikin lungun akwai ɗumi da duhu da laima, ga abinci, kuma farcen kare ba ya kaiwa.

Yadda yake rayuwa da yadda yake yaɗuwa

A nan ya kamata mai karatu ya natsu, domin wanda ya fahimci rayuwar ƙwaron ya fahimci sirrin maganinsa.

Macen tana saka ƙwai ta manne shi a bangon ramin kunne. Bayan kwana 4 ko kusa da haka sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ƙarami mai ƙafa 6 ya fito. Zai yi 'yan kwanaki yana ci, sa'an nan ya yi saɓa kamar yadda maciji ke yi, ya fito da ƙafa 8. Zai sake saɓa sau biyu kafin ya zama balagagge. Daga ƙwai zuwa balaga wajen mako 3 ne. Balagaggen kuma yakan yi kamar wata 2 a raye, macen tana ta saka ƙwai. Duk wannan a jikin dabbar yake faruwa, ba ya bukatar sauka ƙasa kamar yadda kaska ke yi.

A riƙe wannan lissafi na mako 3. Yawancin magungunan da ake ɗigawa a kunne suna kashe ƙwarin da suka ƙyanƙyashe, amma ba sa kashe ƙwai. Idan an yi magani kwana 5, aka ga kare ya daina susa, aka ajiye kwalba, to an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ƙwan da aka bari zai ƙyanƙyashe, bayan 'yan makonni a koma gidan jiya.

Hanyar yaɗuwarsa kuwa cuɗanya ce. Karya mai ɗauke da shi takan ba 'ya'yanta tun suna shan nono, shi ya sa ya fi yawa ga 'yan kwikwiyo. Karnukan da ke kwana wuri ɗaya, ko suke wasa tare, ko suke haɗuwa wajen farauta, sukan ba juna. Amma babbar matattararsa ita ce kyanwa. Ya fi kama kyanwa a kan kare nesa ba kusa ba, kuma wata kyanwar takan ɗauke shi ta yi ta yawonta ba tare da ta nuna wata alama ba. Idan gida akwai kare da mage, aka ga kare na susar kunne, to a duba magen.

Ƙwaron ba ya tsayawa a kunne kawai. Wani lokaci yakan fito ya bi wuya da gadon baya har gindin wutsiya, musamman ga dabbar da ke naɗewa ta kwanta da kai kusa da wutsiya. Idan ya faɗo daga jiki ba ya daɗewa, iyakarsa 'yan kwanaki, kuma zafi da bushewa suna saurin kashe shi. Mutum kuwa ba mazauninsa ba ne. Da wuya ya kama mutum, in ma ya hau jiki, yawanci ɗan ƙaiƙayi ne da ƙuraje a hannu, su wuce da kansu.

Alamomin da ake gani

Alama ta farko ita ce susa. Za ka ga kare ya zauna ya ɗaga ƙafar baya yana ta kartar kunne, wani lokaci har da ɗan kuka. Ta biyu ita ce kaɗa kai, ka ji kunnuwa na faf-faf-faf ko da tsakar dare. Wani yakan goga kunnen a bango ko a ƙasa. Yawanci kunnuwan biyu ne ke kamuwa tare.

Alama ta uku, wadda ta fi sauran nuna hanya, ita ce kalar dauɗar. Lafiyayyen kunne cikinsa fes yake, ba wari, dauɗarsa kaɗan ce. Kunnen da ƙwaron ya shiga kuwa yakan cika da baƙar dauɗa ko mai duhun ƙasa-ƙasa, busasshiya, mai marmashewa, kamar an barbaɗa garin gawayi ko dakakken masoro. Wannan abu haɗin dauɗar kunne ne da busasshen jini da kashin ƙwarin.

Idan aka yi sakaci sai wasu matsaloli su biyo baya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gashin bayan kunne ya zube, wurin ya yi miki saboda farce, ƙudaje su samu abinci. A cikin ramin kuma ƙwayoyin bakteriya da na yis, waɗanda dā ma suna zaune a fata ba sa cutarwa, sai su yi yawa. A nan ne kunne zai fara wari, dauɗar ta yi laushi, har mugunya ta fito.

Akwai wata illa da yawan kaɗa kai ke jawowa. Ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin fatar kunne sukan fashe, jini ya taru tsakanin fata da guringuntsi, kunnen ya kumbura ya yi taushi kamar an hura shi. Wannan aikin likita ne. Idan aka bar shi, jinin zai bushe a hankali, amma kunnen zai tamuƙe ya lanƙwashe har abada. Idan kuwa aka tsaga shi da reza a gida, sau da yawa yakan sake cika, ga kuma ƙofa an buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Mafi muni shi ne ciwon ya huda dodon kunne ya shiga ciki. Alamar haka ita ce kare ya karkatar da kai gefe guda, ya riƙa tangaɗi ko zagaya wuri ɗaya, idanunsa na rawa, ko a kira shi bai ji ba. Wanda ya ga haka kada ya ɗiga komai a kunnen, ya nufi asibitin dabbobi.

Ba duk susar kunne ce ƙwaron kunne ba

Wannan shi ne wurin da mutane da yawa ke tuntuɓe. A wajen kyanwa, ƙwaron shi ne kan gaba cikin masu kawo ciwon kunne. A wajen babban kare kuwa ba haka ba ne. Cikin karnukan da ke fama da ciwon ramin kunne, waɗanda wannan ƙwaro ne sanadin nasu tsiraru ne. Saboda haka sai a san sauran masu laifin.

Na farko kaska. Tana son cikin kunnen kare da tsakanin yatsunsa, musamman da damina, amma ita da ido ake ganin ta a manne. Na biyu ƙuda mai cizo, wanda ke bin dabbobi a turke. Shi bakin kunne yake ci daga waje, ya bar miki mai baƙin ɓawo a tsinin kunne ko a inda kunnen ya lanƙwasa, alhali cikin ramin lafiya lau. Na uku ƙazuwar kare, wadda ke fara wa daga gefen kunne da gwiwar hannu, gashi ya zube, fata ta yi kauri, ƙaiƙayin kuma ya game jiki. Na huɗu ƙaiƙayi ko tsinin ciyawa da ya faɗa kunne, abin da ya fi samun karnukan farauta da kaka. Alamarsa ita ce ciwon farat ɗaya yake zuwa, kuma kunne ɗaya ne. Na biyar, wanda ya fi yawa ga manyan karnuka, shi ne jikin kare ya ƙi wani abinci ko wata ƙura, fatar kunne ta kumbura, bakteriya da yis su shiga. Wannan yakan zo da wari da danshi, kuma kare yakan haɗa da lasar ƙafafu.

Kowanne cikin waɗannan maganinsa dabam. To yaya za a tabbatar? Likitan dabbobi yana da wata 'yar fitila mai madubi da mazurari wadda yake leƙa ramin kunne da ita. Da ita yakan ga ƙwarin suna gudun haske, kuma ya ga ko dodon kunne na nan lafiya. Sa'an nan ya lakato dauɗar, ya cuɗa ta da ɗigon mai a kan gilashi, ya duba a madubin ƙara girman abu, inda ƙwaron da ƙwansa za su fito fili.

Wanda ke nesa da asibiti zai iya yin ɗan gwaji. A sa auduga a goge dauɗar da ke bakin rami, a shafa ta a kan baƙin ƙyalle ko baƙar takarda, a kai wurin haske mai ɗumi, a duba da gilashi mai ƙara girma. Idan aka ga fararen ɗigo suna tafiya, to shi ne. Amma rashin ganinsu ba ya nuna babu su, domin idan kunne ya ruɓe da yawa ƙwarin sukan ragu ko su ƙaura. Mu ɗalibai muna da gata a nan, tun da akwai madubin a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Da izinin malamin ilmin halittu, ana iya ganin wannan ƙwaro da ƙafafunsa takwas, darasin aji ya zama abin gani da ido.

Yadda ake magani

Mataki na farko kiyaye kai. Kunne mai ciwo yana da zafi, kuma ko karen da ya fi kowane sabo da mai shi zai iya kai cizo. A sa masa takunkumi, ko a ɗaure bakin da tsumma mai laushi, mai karen ya riƙe shi, kada a bar wa yara ƙanana wannan aiki. Karen da ba a san shi ba, ko wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau ko yana cizon duk abin da ya gani, kada a kusance shi da sunan duba kunne. Wannan alamar ciwon haukan kare ce, wanda ke kashe mutum. A sanar da ma'aikatan dabbobi. Bayan an gama taɓa kare kuma a wanke hannu da sabulu.

Mataki na biyu wanke kunne, domin magani ba ya ratsa tulin dauɗa. Akwai ruwan wanke kunnen dabbobi da ake sayarwa. A ɗaga fatar kunne sama, a zuba, a murza gindin kunnen a hankali kamar rabin minti har a ji yana caɓal-caɓal, a saki kare ya kaɗa kai, sa'an nan a goge abin da ya fito da auduga a naɗe a yatsa. Iyakar inda yatsa ya kai, nan ne iyakar inda za a goge. Kada a cusa tsinke ko ashana ko gashin kaza, domin tura dauɗar ciki suke yi, kuma kare na iya fizgewa tsinken ya yi ɓarna.

Mataki na uku kashe ƙwaron. Magungunan sun kasu kamar gida huɗu.

Akwai na ɗigawa a kunne. Da yawansu an haɗa maganin ƙwaro da na bakteriya da na yis da na rage kumburi a kwalba ɗaya. Suna aiki, amma suna son haƙuri. A bi yadda likita ya ce har ƙarshe, wanda sau da yawa yakan kai mako 3 zuwa 4, don a cim ma waɗanda za su ƙyanƙyashe daga baya. Kuma ba a ɗiga su sai an tabbata dodon kunne bai huje ba, domin wasunsu in suka shiga ciki suna kurmantar da kare.

Akwai na ɗigawa a ƙeya, wato a buɗa gashin bayan wuya a matse maganin a kan fata, jiki ya shanye shi. Daga cikinsu akwai selamektin, wanda ya fito a 1999 kuma ake sayar da shi da sunan Revolution ko Stronghold, da moksidektin da ke cikin Advocate. Amfaninsu shi ne suna daɗewa a jiki wajen wata guda, saboda haka duk ƙwaron da ya fito daga ƙwai zai tarar da magani na jiransa, kuma suna kama waɗanda suka fita yawo a sauran jiki. Ga kare akan maimaita bayan wata ɗaya.

Akwai na taunawa, waɗanda suka fara fitowa daga 2013, irin su NexGard da Bravecto da Simparica. Don kaska da ƙuma aka yi su, amma an tabbatar suna kashe ƙwaron kunne sosai. Suna da tsada. Ba a ba kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, wasu ma sai ya kai wata 6, kuma karen da ke da farfaɗiya sai da shawarar likita.

Na huɗu shi ne ibamektin, wanda makiyaya suka sani sarai. An fara sayar da shi don dabbobi a 1981, kuma shi ne ake raba wa mutane don ciwon makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Masana biyu da suka gano asalinsa, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2015. Yana kashe ƙwaron kunne, ga araha, amma a nan ne haɗari ya fi yawa. Allurar da ake sayarwa a kasuwa don shanu aka auna ta, mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyi. Kare mai kilo 15 bai kai ko sulusin wannan nauyi ba, balle ɗan kwikwiyo mai kilo 2. Wanda ya zuƙi sirinji da ka, ya yi wa kare, yana iya ba shi ninkin ba ninkin abin da ya kamata. Alamar ya yi yawa ita ce baƙin ido ya buɗe, miyau ya riƙa zuba, kare ya yi ta tangaɗi, ya makance, ya suma, wani ya mutu. Bugu da ƙari, akwai wasu karnukan kiwon tumaki na Turawa, irin su Koli da danginsa, da ke da wani naƙasu na gado wanda ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa. An gano wannan naƙasu a 2001 a wata jami'a ta Amurka. Irin waɗannan karnuka, da waɗanda suka haɗa jini da su, abin da wani kare zai jure shi ke kashe su. Saboda haka ibamektin aikin likita ne, shi zai auna kare a sikeli, ya lissafa, ya faɗi ranar da za a dawo a maimaita.

Idan ba a sami ko ɗaya ba, 'yan ɗigon man zaitun mai tsabta sukan tausasa dauɗa su shaƙe ƙwarin. Amma mai ba ya kashe ƙwai, don haka sai an yi ta maimaitawa duk bayan kwana biyu ko uku har fiye da wata guda. Ba ya kuma maganin bakteriya, kuma ba a zuba shi a kunnen da ke mugunya ko ga karen da ya karkatar da kai.

Mataki na huɗu shi ne a haɗa da kowa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk kare da kyanwar da ke gidan a yi musu magani lokaci guda, ko sun nuna alama ko ba su nuna ba. In ba haka ba, wanda aka bari zai mayar wa wanda ya warke. Sai dai a kula, maganin kare ba lalle ya dace da kyanwa ba. Wanda ke da sinadarin fametirin a ciki guba ne gare ta, haka nan farasitamol da muke sha yana kashe ta. Buhu ko tsumman da dabbobin ke kwana a kai a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a share makwancin. Bayan wata guda a koma likita ya sake dubawa.

Abubuwan da za a guje wa

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai masu zuba kananzir ko fetur ko baƙin mai a kunnen kare, akwai masu sa fiya-fiya ko maganin feshin gona, akwai masu barbaɗa toka ko barkono. Gaskiya ne wasu cikin waɗannan za su kashe ƙwaron, amma tare da kunnen za su kashe shi. Fatar ramin kunne siririya ce, ga ta dā ma a kumbure. Kananzir da fetur ƙona ta suke yi. Baƙin mai dafi ne, kuma kare zai lashe shi daga ƙafa. Fiya-fiya da maganin feshi suna ratsa fata su shiga jini, su kashe kare, su kuma cutar da mai zubawa da yaran da ke wasa a wurin. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Haka nan yanke wa kare kunne ba magani ba ne. Ƙwaron ba a fatar da ake yankewa yake zaune ba, yana can cikin rami inda wuƙa ba ta kaiwa. Kyanwa ma ai kunnenta gajere ne a tsaye, amma ita ta fi kowa kamuwa.

Masu ilmin wannan aiki ba su yi mana nisa ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana nan tun 1924. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana horar da likitocin dabbobi tun 1964, haka nan akwai irin wannan tsangaya a jami'o'in Sakkwato da Maiduguri. Ban da su kuma akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da na 'yan kasuwa a garuruwa da dama. Kuɗin duba kunne bai kai kuɗin sayen wani kare da horar da shi ba.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Mai kare ya saba da ɗaga kunnen karensa sau ɗaya a mako, ya duba, ya sansana. Idan ya fara tun kare na kwikwiyo, ba zai ƙi ba in ya girma. Sabon kare ko sabuwar kyanwa da aka kawo gida a duba kunnensu kafin a haɗa su da na gida. Karyar da za ta haihu a tabbata kunnenta lafiya, don kada ta gadar wa 'ya'yanta. Wanda ke ba karensa irin magungunan kaska da muka ambata a kan kari, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In an je asibiti saboda kunne kuma, a yi amfani da damar a yi wa kare allurar rigakafin hauka.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu in an yi hutu ƙauye muke komawa, inda ake da karnuka amma likita na da nisa. Idan muka ga kare na kartar kunne, mu duba kalar dauɗar, mu tambaya ko akwai kyanwa a gidan, mu hana a zuba kananzir, mu kuma yi wa mai karen bayanin mako ukun nan cikin ladabi, don ya san dalilin da zai sa ya ci gaba da magani bayan susa ta tsaya. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.